Malama Hamsatu, Mai Karantar da Waɗanda Ba Ta Gani

Da hantsi, kafin masu tsiren unguwar Briqueterie su hura wuta, Malama Hamsatu Garga takan shiga shagon intanet na Alim, ta zauna a kujerar ƙarshe ta jikin bango. Ita kaɗai take zuwa, ita kaɗai take komawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Duwala.

Dokar haƙƙin ɗan Adam take koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Da rikicin arewa ya tsananta, ɗalibanta 'yan Mora da Kolofata suka tafi duba iyayensu, da yawa ba su dawo ba. Sai ta buɗe bulog, wato shafin rubutu a intanet, da sunanta, tana zuba darasin kowane mako da Faransanci, ta maimaita shi da Hausa. Wani abokin aikinta ya ja ta gefe ya ce, "Madam, a zamanin nan mutum ba ya sa sunansa a kan maganar tsare mutane." Daga nan aka daina zama kusa da ita a ɗakin malamai.

Ta yi watanni tana rubutu ba wanda ya tanka. Alim ya taɓa tambayarta, "Hajiya, wai wa ke karanta wannan?"

Ta ce, "Ban sani ba. Amma in wani ya leƙo, kada ya tarar ba kowa."

Ashe Rilwanu, ɗalibinta, yana bi a wayarsa daga Mora. An kwashe yayansa a wani samame, ba tuhuma, ba labari. Ya rubuto a ƙarƙashin darasi: "Malama, ta ina zan fara?" Ta sakaya sunansa, ta mai da tambayar darasi guda: inda zai je, abin da zai nema, yadda zai yi magana. Ya bi darasin, ya yi ta sintiri har aka kai yayan gaban alƙali, aka sallame shi. Sauran da aka kama tare da shi har yau ba a ji ɗuriyarsu ba, kuma da an yabe ta, wannan take fara faɗa.

Malama, ke ce kika riƙe aji bayan ya watse. Bana kika yi ritaya, ba walima, ba jawabi, kika ɗauki jakarki kika tari tasi.

Mun gode, uwar ɗalibai, Allah ya saka miki da alheri. Malamanmu, ku ajiye iliminku inda na nesa zai same shi. Wanda kuma ya taɓa amfana da darasinta, ya taka ya je ya gaishe ta. Da la'asar tana gida, ƙofarta a buɗe take.