Ranar da Bae Dong-chil Ya Sauko Daga Jinka

A kan kunyar gonar shinkafa aka yi cinikin, da hantsi, dattawa biyu a tsugune, kowa yana kallon gabansa kamar ba da ɗan'uwansa yake magana ba.

"Gonar nan taka ta tudu nake so," in ji Bae Dong-chil, mai baibayar jinka. "Ba shinkafar ba, karan."

Kwon Pil-su, mai gonar, ya tsinki zangarniya ya murza a tafin hannu. "Yaya, masu shanu sun riga ka. Jibi inji zai shigo ya yanke, ya dunƙule musu karan cikin farar leda. Ni ko gumi ba zan yi ba."

"Inji kakkarya kara yake yi. Da lauje zan yanka."

"Da wace gwiwar? Wadda likita ya ɗinke, ko wadda ke jiran nata layin?"

"In lauje ya dakushe sai in ari bakinka."

Pil-su ya hure ƙaiƙayin hannunsa. "To ni me zan samu?"

"Jinkar tsohuwar nan, 'Yar Yecheon, zan yaye. Duk gwazarmar da ke ciki taka ce."

Nan Pil-su ya juyo ya dube shi. Gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba da ke zama cikin ruɓaɓɓiyar jinka, mutanenmu na busar da ita su daka saboda ciwon hanta, kuma hantar Pil-su ta daɗe tana yi wa giyar shinkafa bauta.

"Damina biyu ba a taɓa jinkar ba," in ji Dong-chil. "Har yoyo take yi."

"Ashe ta cika maƙil." Pil-su ya miƙe yana kaɗe wando. "Na sallama. Amma ko ɗaya ka jefa wa kaji, mun ɓata."

Wanda bai san Dong-chil ba, to ya san aikinsa, in dai ya taɓa ganin hoton ƙauyenmu na Hahoe. Baƙi kan haye kogi, su hau dutsen da ke tsallake, su ɗauki ƙauyen kwance cikin gwiwar ruwa, rufin baƙar ƙasa na manyan gidaje ga kuma jinkaye masu ruwan zinariya a tsakaninsu. Zinariyar nan ba daga sama take saukowa ba. Karan shinkafa ne, shekara ɗaya ya yi fari, ta biyu ya yi toka, ta uku ya koma taki a bisa kan mai gida. Sai wani ya yanta sabo, ya saɓa a kafaɗa, ya hau tsani. Tun ina saurayi, kafin in tafi aikin gini ƙasashen Larabawa, Dong-chil ke hawa. Na dawo da furfura na buɗe rumfar sayar da fuskokin katako, irin waɗanda masu rawa ke rufe fuska da su, a bakin ƙauye, na same shi a sama inda na bar shi.

Kullum kafin motar baƙi ta farko ta iso ya riga ya zaga lungunan ƙauye, hannu a baya, ido a sama. Ana yi masa tsiya cewa bai san fuskar kowa ba, sai dai ya gane mutum da jinkarsa. Bayan girbi yana tsakar gida yana yanta kara. Da sanyi yana ɗaki yana tufkar igiya. In iska ta taso, kafin mai gida ya aika a kira shi, ya ji ƙarar tsani a jikin bango.

Baƙi kuwa sun ɗauke shi cikin kayan kallo, kamar tsohuwar bishiyar da suke ɗaura wa takardun fatan alheri, ko masu rawar fuskoki. Da idona na ga wata baƙuwa ta roƙe shi ya tsaya da damin kara a kafaɗa ta ɗauki hoto. Ya tsaya. Sai mutanen motar gaba ɗaya suka yi layi. Bai sauke ba sai da na ƙarshe ya gama, a lokacin kafaɗar ta mutu. Mai yi musu jagora, wata sabuwar yarinya, ta gaya musu ɗan wasa ne da aka ɗauka ya riƙa sa tsofaffin kaya. Bai gyara mata ba. Da suka wuce ya ce mini, "In ɗan wasa ne ni, ai sai a ba ni dami marar nauyi." Na ce me ya hana ka sauke? Ya ce, "Daga nesa suka zo."

To, bara aka yi masa aiki a gwiwa, ya kwashe kakar a asibiti. Samarin da ya koyar suka yi iya yinsu, amma ba su kai ga gidajen bayan ƙauye ba. Bana kuma guguwa ta kwantar da shinkafar fadama cikin ruwa, kara ya ruɓe a gona. Ɗan dogon karan da aka samu aka fara da gidajen bakin hanya, inda baƙi ke bi. Ban ga laifin kowa ba, da baƙin nan muke ci, har ni mai faɗa. Sai dai gidan 'Yar Yecheon yana can ƙurya, bayan bishiyoyin kanya, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya yana neman banɗaki.

Da sunan garinsu ake kiranta tun ranar da aka kawo ta amarya, yau ta haura tamanin, mijin ya daɗe da rasuwa, sunanta na yanka sai a takardar asibiti. Da ɗanta Sang-du ya zo daga birnin Seoul bikin kaka, ya tarar da kwano a tsakiyar ɗakin kwananta yana tarar yoyo. Yaro ne mai son uwarsa, kada a yi masa mummunar fahimta. Ya ce in dusar ƙanƙara ta fara sauka jinkar na haka, zai zo da mota ya tafi da ita, ga ɗaki ya gyara mata a bene hawa na sama. Gidan kuma akwai mai son ya mai da shi wurin shan shayin baƙi.

Tsohuwa ba ta yi musu da ɗanta ba, ba ta kuma roƙi kowa ba. Dong-chil ne ya bi ta lungun da safe, ido a sama, ya ga kusurwar jinka ta lotsa. Ya leƙa ya same ta tana goge tulunan miyar waken da ke jere a bayan ɗaki.

"Inna, na ji za ki zama 'yar birni."

"Haka aka ce." Ba ta ɗago ba. "Wai can ba a hawa da tulu. Uwar mijina ta bar mini su, ina tunanin wa zan bar wa."

Daga nan ya wuce gonar Pil-su.

Yankan ya ɗauke shi kwanaki. Yana durƙushe a kan wani tsohon buhu, ya yanka abin da hannu ya kai, ya ja buhun gaba. 'Yarsa Mi-ran ta bugo waya daga Daegu tana faɗa, ta ce likita ya hana tsani, ya ce mata ai a ƙasa yake, ta tambayi kowa. Pil-su ya zo wai duba shinkafarsa kada a zubar masa, ya tsaya yana zagi daga kan kunya, can sai aka gan shi da lauje. Suka jawo tsohuwar na'urar sussuka mai taka ƙafa daga rumbu, wadda ke cire tsaba ta bar kara da tsawonsa. Wata motar baƙi ta tsaya a titi aka yi ta ɗaukarsu hoto.

"Yaya, gyara tsayuwa," in ji Pil-su. "Yau hancinka zai kai Japan."

Ranar yaye jinka Pil-su ya zo da bokiti biyu. Samari biyu suka hau suna turo tsohon kara ƙasa, shi yana tonawa da sanda. Kusurwar da ganyen kanya ke taruwa ta ruɓe, nan ruwa ke bi. Sauran kuwa, da aka ɗaga fatar sama, sai ga kara a bushe, a matse, yana ƙamshi kamar na bara. Hannun Dong-chil ne na shekarun baya, ruwa bai sami hanya ba, tsutsa ma haka. Abin da Pil-su ya tsinta bai rufe gindin kwanon cin shinkafa ba.

Ya ɗaga kwanon sama kowa ya gani. "Jama'a ku shaida. Gona guda na bayar a kan wannan. Yaya, kai macuci ne. Mutum ya yi aiki ya ƙi barin wa tsutsa wurin kwana?"

"Ka ce kar in ba kaji, ban ba su ba."

'Yar Yecheon ta fito da tiren soyayyen kifin gishiri da kimchi, jiƙaƙƙen kabejinmu mai yaji. "Pil-su, in hantar ce ta dame ka, ka rage tulun giya, ka bar tsutsa ta huta."

Samarin suka shimfiɗa sabuwar yanta tun daga baki zuwa sama, Dong-chil na ƙasa yana nuni da sanda. Saura kitson ƙoƙuwa, doguwar saƙar nan da ake kifawa a gadon bayan jinka. In ta karkace ko kaɗan, duk aikin ƙasa banza ne, ruwa ta nan zai shiga. Shi ya kitsa ta da hannunsa a tsakar gida. Sama ta yi nauyi tun safe, iska ta juyo daga arewa. Samarin suka ja, suka daidaita, ya ce ba ta zauna ba. Suka sake, ya girgiza kai. Sai ya ajiye sandar ya kama tsani.

Ba wanda ya hana shi, don an san ba zai hanu ba. Ya hau a hankali, ƙafa mai lafiya a gaba, ya zauna a ƙoƙuwa kamar mai hawan doki, yana bin kitson da tafin hannu, yana danna nan, yana ja can, yana ɗaure igiya. Ya kai ƙarshe ya ɗaure ta ƙarshe. Da ya zo juyowa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa.

Ya zauna yana kallon kogi. Samarin suka matso za su ɗauke shi, ya ce su tsaya inda suke, mutum uku wuri ɗaya za su lotsa sabon aiki. Pil-su ne ya ajiye kwanon tsutsarsa, ya hau tsanin yana haki, ya tsaya a matakin ƙarshe ya ba da baya.

"Zamo a hankali ka dafa kafaɗata. In ka faɗo a kaina, 'yarka za ta biya ni gonata."

Haka suka sauko, tsoho bisa tsoho. Wasu baƙi da suka ɓato hanya suna tsaye a bakin ƙofa, suka yi ta tafi, a zatonsu wasa ne aka shirya wa baƙi. Dong-chil ya jingina da bango, fuska ta yi fari, amma sai da ya ɗan rusuna musu.

Kwana kaɗan bayan haka dusar farko ta sauka, Sang-du ya zo da motarsa kamar yadda ya ce. Ya zaga gidan, ya shiga ɗaki ya daɗe yana kallon sama. Ya fito da kwanon tarar yoyon nan a hannu, busasshe, ya tambayi uwarsa inda ake ajiye shi. Ta nuna masa. Ta cika masa bayan mota da kimchi da busasshiyar kanya, ya koma Seoul shi kaɗai.

Dong-chil, kai ne mai ido a sama, wanda ya rufa wa ƙauye kai ya bar nasa a rana. Hotunan aikinka suna rataye a ƙasashen da ba ka san sunansu ba, ba ɗaya da ke ɗauke da sunanka, kuma ban taɓa jin ka tambaya ba. Na yi yawo, na ga masu gina abin da za a kalla, na ga masu gina abin da za a kwana a ciki. Kai ka yi wa mai kallo aiki, ba ka manta da mai kwana ba. Mun gode, Yaya. Ku kuma samari da ya bar wa tsanin, in kun gama gidajen bakin hanya, ku bi ta lungun kanya, ku ɗaga kai. Baƙon da ya hau dutse ya ɗauki hoto, in ya sauko ya tambayi wanda ya yi jinkar, a nuna masa gidan. Yana nan zaune a tsakar gida yana tufka.

Ni ɗan kasuwa ne, ban iya barin ciniki ban faɗi yadda ya kaya ba. 'Yar Yecheon ta ci riba, tana ɗakinta, tulunanta na wurinsu. Mai shayi ya rasa gida, ya sami wani. Dong-chil ya bar gwiwarsa a can sama, likita ya ce shi da tsani har abada, wannan karon kuma ya ji. Pil-su kuwa har gobe yana bin rumfuna yana cewa an cuce shi. Rannan na tare shi na ce, shekara nawa kana tonon jinkar da Dong-chil ya yi, ka taɓa cika ko kofi? Ya dube ni, ya dubi hanya ko akwai mai ji.

"Kai dai sayar da fuskokinka," ya ce. "In ya ji tun farko na san jinkarsa ba ta tara tsutsa, cewa zai yi sai ya biya ni karan."