Zaren Malam da Kujerar Taga

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sayi tikitin jirgin sama guda ɗaya na zuwa ƙasar waje don karrama makarantarsu, ta miƙa wa shugaban makaranta da ya zo shekara uku kacal da suka wuce. Mijina, da ya koya musu labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya, agogon bango suka ba shi.

Malam Zare suke ce masa. Aljihunsa ba ya rabuwa da zare, kuma a keken ɗinkina yake tsinkowa. Sai ya ɗora ƙwallon taswirar duniya kan tebur, ya danne wannan birni da yatsa, ya ja zaren zuwa wancan, ya auna a rula, ya faɗi nisan. Shi kuwa bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Iyakarsa ya fito tsakar gida da buta a hannu, ya bi ƙararsa da ido.

Da labarin tafiyar ya fito, na ce, "Malam, ba ka ji haushi ba?"

Ya ce, "Haba, uwar yara, rabonsa ne."

Rabonsa! Amma yini guda ya yi yana awo. Ya rubuta kilomita dubu tara da ɗari biyu, awa goma sha ɗaya, ya kai wa shugaba takardar har ofis.

"Ranka ya daɗe, jirgin ba miƙewa zai yi ba, zai lanƙwasa ta arewa. A awa ta shida ka leƙa taga, za ka ga duwatsu da ƙanƙara a kansu. Ka duba mini ko gaskiya nake koyarwa."

Da shugaba ya dawo muka je sannu da zuwa. Matarsa sai juya sabuwar jaka take a cinya, kamar ita ta tuƙa jirgin. Ban ɓoye ba, jakar ta tsone mini ido. Malam ya matso bakin kujera ya ce, "To, ƙanƙarar fa?"

Shugaba ya yi dariya. "Wallahi, Malam, musanya kujerar na yi da wata mata, na koma kusa da banɗaki. Barci na sha har muka sauka."

Tun ranar zarena bai ƙara raguwa ba.

Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma likita ya ce ganinsa raguwa yake yi. Ku 'yan ƙungiya, da zaren nan aka nuna muku hanyar da kuka bi kuka tafi. Agogonku yana nan a kwalinsa, ku aiko a ɗauka. Ku saya wa Malam tikitin tafiyar nan, kujerar taga, tun idonsa yana iya ganin ƙanƙarar.