Baba Orshi, mai ɗaura wa ciyawa ambulan

Ƙarfe shida na safe Baba Orshi yake fito da kekensa daga unguwarmu, Azuba, da tarin ambulan a bayan sirdi. Shekara goma sha biyar muna katanga ɗaya, kuma na daɗe ina zaton a gidan waya yake aiki. Ashe wata gonar gwaji yake zuwa a bayan Lafia, ya bi kan ciyawa ɗaya bayan ɗaya yana rufewa da ambulan, yana ɗaurewa da zare. Ran da na gani da idona na koma gida na ce wa maiɗakina maƙwabcinmu ya samu matsala.

Ya yi mini bayani ya fi sau biyar. Wai yana hana iska kai garin furen da ba a so, don shi ne zai zaɓi wadda za a haɗa da wadda. Gero suke haɗawa da ciyawar giwa, su samu ganye mai laushi na shanu da kara mai kauri da za a sarrafa ya zama man mota. Na shanun na gane. Na motar kuwa, wallahi har yau kai kawai nake gyaɗawa.

Shekara goma sha ɗaya shi da Dakta Nana Hadiza, mai binciken da yake aiki a ƙarƙashinta, suna wannan haɗi kafin su dace da guda ɗaya. Lamba arba'in da bakwai suke ce mata. Ta fi mutum tsawo, kuma har watan Maris ganyenta shar. Sai dai ba ta yin iri, kamar alfadari. Karan nata ake yanka a dasa. Kunya huɗu ce kacal a duniya, kuma dokar wurin ta hana fita da ko gaɓa ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce aka ce manyan baƙi za su zo. Dakta tana Abuja, Baba Orshi yana wurin jana'izar yayansa. Aka ɗauko 'yan kwadago aka ce su share ciyawa, wuri ya yi tsaf. Bayin Allah suka duba, suka ga inda ciyawa ta fi yawa, suka yi mata feshin maganin da ke kashewa har saiwa. Na rasa wanda zan ba laifi. Ciyawa aka ce musu, ciyawa suka kashe.

Direban wurin ya ce mini da Dakta ta dawo ta ga kunyoyin sun ƙone, zama ta yi a ƙasa, ta kasa ko kuka. Baba Orshi ya tsaya a bayanta da hula a hannu, yana juya ta. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya san abin da zai faɗa ya isa a kore shi.

"Dakta," ya ce, "ciyawan bai mutu duka ba. Na yi laifi. Yana Arikya."

Ashe tun rani biyu baya, wani makiyayi mai suna Na'Allah ya tsaya a bakin wayar shingen gonar da shanunsa duk sun rame, yana kallon ganyen. Baba Orshi ya rasa yadda zai yi da idon mutumin, ya yanka masa kara shida ya koya masa dasawa. Ya ce shi ma yana so ya ji ra'ayin saniya, tunda duk gwajin da suke yi ba a taɓa tambayar ta ba.

Suka kama hanyar Arikya a ranar. Suka tarar da lamba arba'in da bakwai ta cika bayan ruga, har wani manomi, Terver, ya karɓa ya dasa a iyakar gonar doyarsa, yana yanka wa shanun Na'Allah don kada su shiga masa. Na'Allah ya ba su dami uku, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda babbar mace mai mota take rungumar ciyawa.

Bayan sati biyu aka miƙa wa Baba Orshi takarda biyu a ofis ɗaya, da sa hannun mutum ɗaya. Ta farko gargaɗi ce kan fitar da kayan gwaji. Ta biyu yabo ce kan ceto kayan gwaji. Ya kawo mini in karanta masa ko shi ne bai gane Turancin ba. Na karanta sau uku, ni ma ban gane ba.

Baba Orshi, kai ne ka yi shekara talatin rana tana dukanka saboda abin da mu muke biya a nome mana. Kai ne ka san shiru zai tsare maka aikinka, ka buɗe baki. Gwanin zare da ambulan, ban san ko mai laifi ne kai ko gwarzo ba, amma na san wanda nake so ya zama maƙwabcina.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba da lafiyar cin hutu. Ku kuma masu tasowa, ba zan ce ku karya doka ba, kada a ce ni na aike ku. Amma ku riƙe ƙaramin aikinku yadda ya riƙe nasa, in kun yi kuskure ku faɗa da bakinku.

Watan jiya aka yi masa walimar ritaya. Matarsa, Mama Mnena, ta rataye takardun biyu a falo, gefe da gefe. Na tambaye shi wacce ya fi so. Ya nuna ta gargaɗin, ya ce a cikinta ne aka rubuta sunansa daidai, kuma ita kaɗai ce ta faɗi abin da ya yi.