Inci Huɗu a Tef ɗin Gwaggo

Gwaggonmu tela ce, ƙanwar babanmu, kuma ba zan ɓoye muku ba, na tsane ta. Shekara ashirin tana taka keke a wani ɗan shago jikin wurin ibadarmu, ba ta taɓa ɗinka hannun riga daidai ba, amma wajen sa ido babu na biyunta.

Ita ta kafa ƙungiyar 'yan mata masu alkawari. Yarinya ta dafa littafi mai tsarki, ta rantse ba namijin da zai taɓa ta sai bayan aure, Gwaggo ta ɗinka mata farar riga. Duk wata uku kuma a zo awo, wai gyaran riga. Wane gyara! Ƙugu take aunawa. Ta zagaya tef, ta ja, ta rubuta, ta taɓe baki. Masu wayon cikinsu sun san ƙwayar hana ɗaukar ciki da suke haɗiya, ƙugunsu bai taɓa motsi ba, su ake jerawa a sahun gaba.

Autarmu kuwa da zuciya ɗaya ta rantse. Ko kujera ba ta haɗawa da saurayinta. Burinta aure da 'ya'ya biyar, har sunaye ta zaɓa musu. Sai ga inci huɗu sun ƙaru. Gwaggo ta ƙwace rigar a bainar jama'a, kafin yamma ta kai wa iyayen yaron labari. Ya janye ko sallama babu.

Na ce mu je asibiti, Auta ta ƙi, wai duk wanda ya gan ta a ƙofar likitan mata zai ce zubarwa ta je yi. Ta dinga ɗaure cikin da zane tana addu'a, Gwaggo na ƙirga watanni. Tara suka wuce, babu jariri. A na goma sha ɗaya ta yanke jiki ta faɗi a kicin.

Ashe ƙari ne. Likita ya ce da mun zo da wuri, shi kaɗai zai cire, yanzu kam dole har da mahaifar.

Da aka sallame ta, sai ga Gwaggo da rigar a goge, tef a wuya. Ko kunya babu ta auna ta a kwance.

“Mun gode Allah, 'yata, kin koma ashirin da takwas. Sahun gaba naki ne.”

Auta ta dube ta, ta ce a hankali, “Gwaggo, sunayen nan biyar fa, wa zan ba?”