Ƙarfen Ƙafar Gaba

Mijina shi ne mai kai takardun kumandan, Baturen mulki, daga Madawa zuwa Buza a kan keke. Keken na gwamnati ne, amma yadda yake goge shi da gefen rawaninsa sai ka ce gadon ubansa ne. Nakan yi masa tsiya, in ce ranar da keken ya iya dama fura sai in koma gidanmu.

Da yaƙin Turawa ya yi tsanani, kayan gyara suka daina zuwa. Abin da ya lalace sai a kai wa mai gyara a Madawa, shi ya miƙa wa sarkin maƙera, shi kuma ya raba wa maƙeran ƙauyuka. Ba lada a ciki, aikin tilas ne, gardi, dogarin kumandan, ke kawowa ya tsaya a kanka.

Yayana maƙeri ne a Deule. Na je ganin gida bayan girbi, na tarar an kawo masa wani siririn ƙarfe da ya lanƙwashe, bai fi tsawon tafin hannu ba.

"Mi za a yi da shi?" in ji Yaya.

Gardin ya ce, "Ba a hwaɗa mini ba. An dai ce ka yi irinai kahin kasuwa ta ci."

Yaya bai taɓa leƙa cikin ƙafar keke ba. Ya juya abin, ya ɗauka wani makami ne na huda katako. Don haka ya yi masa abin da yake yi wa wuƙa da kurfi: da ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa don ya yi tauri. A wurinsu wannan shi ne kyautata aiki. Ƙarfe mai irin wannan taurin ba ya lanƙwashewa, karyewa yake yi gaba ɗaya.

Kafin damina ta faɗi, mijina na gangarowa daga tudun duwatsun nan na kusa da Buza, ƙafar keken ta gaba ta fita. Masu jakuna suka tsince shi. Bai kai la'asar ba.

Na koma gidan Yaya yin takaba. Ina zaune a bakin ɗaki wata hantsi, ta cikin danga ina hangen maƙera, sai ga gardin nan ya dawo. Ya kwance tsumma ya zube guntaye biyu a kan uwar maƙera.

"Na keken mai takardu ne da ya mutu. An ce ka yi wani."

Yaya ya haɗa guntayen. Kowane maƙeri ya san sawun masabarsa. Ni ma na gane abin, don a gabana aka ƙera shi, ina riƙe da ƙwaryar furarsa. Ya daɗe a tsugune har gawayi ya fara mutuwa. Sannan ya ɗago ya dubi dangar, daidai inda nake. Ban kauda kai ba.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na fi jin haushin duk hannuwan da ƙarfen ya bi, aka rasa mai buɗe baki ya ce mutum ne zai hau. Amma su ban san fuskokinsu ba. Yaya ne a gabana kullum, yana ɗebo mini hatsi daga rumbunsa, ba ya iya haɗa ido da ni. Har ya koma ga Allah maganar ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Na biyun, a cikin toka ya binne shi ya huce a hankali. Wannan bai karye ba. Shekara da shekaru keken na ratsa garinmu da wani mutum a kai, kuma duk ranar da na ji ƙararrawarsa sai na fito.