Yadda Baba Lambu Ya Shuka Fatalwa

Shekara talatin da huɗu ke nan makullin lambun shaƙatawar garin yana rataye a wuyan Baba Lambu, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. In ya dubi shukarka ya ce ba za ta kai mako ba, ka je ka wanke tukunyar kawai. In uwaye biyu suka kaure a kan ɗan wa ya fara ture ɗan wa daga lilo, shi ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wanda ya faɗi haka bai ga ta Baba ba. Tasa ta yi 'ya'ya har da jikoki, ba ban-ruwa, ba taki.

Lambun ba wani babba ba ne. Ƙofar ƙarfe ɗaya, benci goma sha biyu, lilo uku, sai sululun ƙarfe wanda in rana ta take yakan koya wa yaro amfanin wando mai kauri. Akwai ɗan tafki da kwalekwale biyu, ɗaya yana yoyo. Akwai dawisu guda da ya tsani kowa in ban da Baba, shi ma ɗin ba kullum ba.

Baba ba ya duba kalanda, masu shigowa su ne kalandarsa. In ya ga tsofaffi suna bin rana daga benci zuwa benci, sanyi ya shigo. In ya ga ɗalibai sun baje littattafai a inuwa suna minshari a kansu, jarrabawa ta ƙarato. In kuwa makarantu suka yi dogon hutu, sai Makon Lambu. Mai dawakin katako ya zo ya kafa injinsa, masu balan-balan su cika ƙofa, a yi tseren buhu, a ba da kyautar fure mafi kyau ga matar da ta sayo nata a kasuwa da safen.

A can ƙuryar gabas, bayan tsohon mangwaro, akwai wani lungu da sarƙaƙiya ta rufe. Nan ne gidan Mai Guga. Duk ɗan garin ya san ta: fatalwar wata mata ce cikin farin zane, tana yawo tana neman guganta. Ƙwallo in ta faɗa lungun, an yafe. Hatta akuyar maƙwabta, in ji masu faɗa, takan yi sallama kafin ta wuce.

Abin da ke lungun kuwa rijiya ce, tsohuwa, mai zurfin gaske, an rufe bakinta da katako. Baba ya tarar da ita a shekararsa ta farko. Ya rubuta wa kwamitin lambu takarda sau uku a zo a rufe ta da siminti, sau uku ana ce masa za a duba. Wata safiya yana cikin shara sai ya hango wani yaro ɗan shekara shida, mai kunnuwa kamar marfin tukunya, ya bi ƙwallo har ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon. Baba bai san lokacin da ya yar da tsintsiya ya fizgo shi ba.

Shi kuwa ya san halin yara. Ka ce wa yaro kada ya je, akwai rijiya, to ka aike shi ne ya je ya leƙa. Sai ya tsuguna ya rage murya.

"Akwai wata mata a nan. Guganta ya ɓace, nema take. In ta ga yaro sai ta tambaye shi ina guganta."

"In ban sani ba fa?" in ji yaron.

"Sai ta riƙe ka har ka tuna."

A lokacin Baba da amaryarsa suna zaune ne a ɗakin mai gadi na cikin lambun, kuma ran nan ta shanya farin zanenta a reshen mangwaro. Iska ta kaɗa, zane ya ɗaga hannu. Yaron ya zura da gudu, ya bar takalmi ƙafa ɗaya, har yau bai dawo ɗauka ba.

Baba ya dasa ƙaya kewaye da wurin, ya zaci magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara. Cikin shekara guda Mai Guga ta samu ƙafa ɗaya. Bayan biyar ta samu miji azzalumi. Wani direba ya rantse ya taɓa ɗaukar ta har bakin ƙofa, ta sauka ba ta biya ba. Baba yakan ji labarinsa ya dawo masa da sabbin kaya, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aske shinge. In an tambaye shi, amsarsa ɗaya: "Ni dai ba na son kowa ya je wurin." Wannan kuwa gaskiya ce tsagwaronta. Kuma shekara talatin da huɗu ko kaza ba ta faɗa rijiyar ba.

Yaron nan mai kunnuwa ya girma, ya buɗe kemis, ya yi tumbi, ya zama ciyaman na kwamitin lambu. Kunnuwan suna nan yadda suke. Bana, saura kwana goma Makon Lambu, ya tara kwamiti a ƙarƙashin rumfa, aka kira Baba ya zauna a gefe kamar kullum.

"Bara garin gaba sun kawo jirgin yara sun kwashe mana mutane," in ji Ciyaman. "To mu muna da abin da ba su da shi. Suna da fatalwa?"

Kwamiti ya ce ba su da ita.

"Ranar Alhamis leburori za su zo su sare ƙayar nan. A share hanya, a kafa allo. A riƙa shiga da mutane ashirin-ashirin, su tsaya daidai inda take tsayawa su ɗauki hoto. Ni na san wurin, da idona na gan ta."

Hankalin Baba ya koma kan rijiyar. Sau biyu ya sake katakon nan da hannunsa, amma rabonsa da kutsawa cikin ƙayar ya kai shekara goma, tun da gwiwa ta ce ba da ita ba. Gara kuwa ba ta hutu. A ransa ya hango mutum ashirin a kai, rabinsu yara, suna cewa a matso a shiga hoto.

"Ciyaman," ya ce, "ba ta son hayaniya. Takan fusata."

Fuskar Ciyaman ta washe. "Sakatare, rubuta. Takan fusata. A sa shi a allo da jan fenti."

"An ce har jifa take."

"Rubuta jifa."

Baba ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya lura duk kalmar da ya ƙara taki ce.

A gida ya tasa kwano gaba yana juya cokali. Matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ita kaɗai ta san asirin, tunda zanenta ne ya yi aikin.

"Malam, ka ci abinci. Fatalwarka ba za ta huce ba, shi kuwa zai huce."

"Innar yara, in na buɗe baki na ce ni na ƙirƙira, gobe wa zai yarda da ni? Mutumin da ya yi wa gari guda ƙarya. Har 'yarmu sai da ta yi wata guda ba ta fita fitsari ita kaɗai."

"Ai ni na sha wankin, ba sai ka tuna min ba."

"In na lallaɓa na sake katako fa?"

"Da wace gwiwar? Kuma wane katako ne zai ɗauki mutum ashirin, ciki har da Ciyaman?" Ta ja kwanon ta matso masa da shi. "Kai ka shuka ta, kai za ka tuge ta. Ba aikinka ba ne? Suna dai in ya faɗi ana ɗagawa. Ɗan mutum in ya faɗa can, da me za ka ɗago shi?"

Baba ya jawo kwanon. Ya ci loma uku don a zauna lafiya.

Ranar Laraba da hantsi ya aika a kira masa Ciyaman. Ya zo tare da Sakatare, ya tarar da Baba da almakashin shinge da manjagara, ya riga ya yanka 'yar hanya cikin ƙayar, hannunsa duk karce.

"Biyo ni," in ji Baba.

"Daga nan ma ina gani sarai."

"Kai da za ka shigo da mutum ashirin?"

Ciyaman ya tura Sakatare gaba, ya bi bayansa yana motsa baki. Da suka kai gindin mangwaro Baba ya ce su tsaya nan, kada wanda ya ƙara taku. Ya miƙa manjagara ya ja busasshen ganye, katako ya bayyana, baƙi wuluk. Ya juya ƙota ya ɗan buga, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Katakon ya rabe biyu ya tafi. Suka tsaya suna sauraro. Sai da Sakatare ya haɗiye yawu sau biyu kafin a ji tsulum daga can ƙasa.

"Ga fatalwarku," in ji Baba. "Rijiya ce. Babu wata mata. Ni na ƙirƙire ta, kai na fara yi wa ƙaryar, kana tsaye da ƙafa ɗaya a nan."

Ciyaman ya dubi ramin, ya dubi Baba. "Amma na gan ta, Baba. Ta ɗaga min hannu."

"Zanen Inna ne. Yana nan, ta mayar da shi tsumman goge-goge."

"Ta bi ni har ƙofa."

"Ni ne. Takalminka nake son ba ka."

Sakatare ya tambaya ko ya rubuta. Ciyaman ya ce in ya rubuta sai ya ci takardar. Sannan ya ja da baya ya zauna a kan saiwar mangwaro, ya cire hula. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka.

"Autata ce na yi wa alkawarin za ta fara shiga."

"Na sani. Ta gaya wa dawisu, ina ji."

"Me ya hana ka rubuto wa kwamiti tun tuni?"

"Na rubuta sau uku, ɗan nan. Mahaifinka ne ciyaman a lokacin, Allah ya jiƙansa. Ya ce za a duba." Baba ya jingina da manjagara. "Abin da ke ba ni mamaki, shekara talatin da huɗu ba wanda ya tambayi kansa me mai guga take yi a inda babu rijiya."

Ranar Alhamis leburori sun zo, amma da birkila da rodi da siminti. Kafin a rufe, birkila ya zura ƙugiya don ya ji zurfin, ya jawo wani tsohon guga da ya ruɓe saura baki da mariƙi. Ko wace tsohuwar rijiya ka zura wa ƙugiya abin da za ka samu ke nan, amma kafin la'asar labari ya kai tasha.

Ciyaman ya ce a bar maganar a tsakaninsu, ba sai gari ya ji ba. Baba ya ce a'a, wanda ya yi shuka a fili ba ya girbi a ɓoye. Ranar buɗe Makon Lambu ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya karɓi lasifika. Ya faɗi komai, daga takarda uku har zane. Ya roƙi gafarar duk wanda ya taɓa yafe ƙwallo. Ya ajiye lasifika yana jiran abin da zai biyo baya.

Sai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta girgiza kai.

"Allah sarki, bawan Allah. Yana rufa mata asiri."

"Yo ba ga rijiyar ba?" in ji mai dawakin katako. "Ba ga gugan ba? Me kuma ya rage?"

"Baba Lambu ba ya ƙarya," in ji direban nan da ya taɓa ɗaukar ta. "Ta yaya zai yi waccan?"

Jama'a suka ce ƙwarai, suka nufi lungun. Mutum arba'in suka hau kankaren lokaci guda, yara suna tsalle a kai. Baba ya tsaya daga nesa yana ƙirga kawuna, ya ƙirga na shiga, ya ƙirga na fita, ya tarar daidai. Sai a sannan ya nemi benci ya zauna, ya ji gwiwarsa ta yi masa sauƙi.

An rataye gugan a reshen mangwaro. Yanzu ana cewa tunda an samo mata kayanta ta daina jifa, sai dai leƙowa jefi-jefi. Tun daga ranar akan zaunar da Baba a gindin bishiyar a ce ya ba baƙi labari, shi kuwa ya ba su na gaskiya, da rijiya da takarda da zanen Inna. Rannan yana cikin bayarwa sai autar Ciyaman, mai kunnuwa irin na ubanta, ta ja masa hannun riga.

"Baba, ba haka ba ne. Ƙafarta ɗaya. Kai ba ka san labarin ba."

Baba ya dubi Inna, wadda ke zaune a bencin gefe tana danne dariya da bakin mayafi. Ya gyara makullin wuyansa, ya matsa ya ba yarinyar wuri.

"To zauna ki gaya min," ya ce.