Safar Hannun Mai Tsaron Gida

Shekaranjiya ina neman katin asibitin Umma a tsohon akwatin Kaka sai ƙamshin kafur ya buge ni. Na tura hannu can ƙasa, na zaro safar hannu ta ulu, ja, babban yatsan ta dama a fashe. Na zauna a bakin gado da ita a cinya. Kada ku ɗauka kewar Kaka ce ta fara zo mini. Haushi ne, wanda na zaci na girme shi tuntuni.

A unguwar Nakkasa ta Makka na tashi, can saman dutse, a gidan da Kaka ta tara 'ya'yanta mata biyu, Umma da ƙanwarta Inna. Umma ta auri tela ɗan Kano mai zama da iƙama, wato takardar zaman baƙo, Inna kuwa ta auri ɗan ƙasa. Ni da 'yar Inna wata uku ne tsakaninmu, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, har ƙyanda tare muka yi. Takardunmu ne kawai suka bambanta, don takarda uba take bi, amma a lokacin wa ya damu da wannan.

Filin ƙwallonmu rufin gidan ne. Ƙwallon kuwa Baba ya ɗinka mana da tsofaffin haramin da alhazai ke bari bayan aikin hajji, ya cusa mata tsummokara har ta yi tauri. Ba mu da raga. Tsakanin tankin ruwa da ɗakin tattabarun maƙwabcinmu akwai inda katanga ta rufta, shi ne gidan da muke zura ƙwallo, kuma bayansa babu komai sai gangare. Ni ke bugawa. 'Yar Inna ba ta iya gudu ba, ga saurin haki, shi ya sa na tsayar da ita a bakin ruftar nan.

To ku duba irin rashin adalcin da na girma a ciki. In na buga ta kama, Kaka da ke zaune a inuwar tanki tana tsinar shinkafa sai ta sa mata albarka, wai ta hana ƙwallo faɗawa. In kuwa na buga ta wuce, wato na ci, sai ƙwallon ta bi matattakala tana gangarawa, wani lokaci har ƙofar mai gurasa. Kaka ta kira ni mai ƙafar jaki, ta ce in sa hijabi in sauka in ɗauko abata. In sauka, in hauro ina haki, in tarar 'yar Inna tana shan ruwan sanyin da Kaka ta zuba mata. Duk cin da na yi laifi ne, duk kamun da ta yi abin yabo ne. Ban taɓa jin Kaka ta ce na iya ba, ko sau ɗaya.

Safar nan wata hajiya 'yar Turkiyya ce ta bar wa Kaka, bayan Kaka ta yi mata hidima a masaukinsu na unguwar Jarwal. Wa zai sa ulu a Makka? Sai ta shiga akwati, kuma duk ranar da aka buɗe sai na roƙi a ba ni in taɓa. Ni dai a raina tawa ce, jira kawai take yi. Ran nan da sanyin safiya, irin ɗan sanyin da muke samu sati biyu a shekara mu yi ta cika baki, na zabga wani bugu da ya sa tafin hannun 'yar Inna ya yi jawur. Ta yi kuka. Kaka ta shiga ɗaki, ta fito da safar ta zura mata. Tun daga ranar na ƙara ƙarfin bugu, kuma ba gidan nake nufa ba, hannun nake nufa.

Muka gama sakandare tare. Ita ta wuce jami'a a Jidda, ni mai takardar baƙo na koma gefen keken Baba ina kalmasa bakin abaya. A shekararta ta biyu aka buɗe wa ɗalibai mata wasan ƙwallo, aka tambayi wa ta taɓa tsaron gida, ta ɗaga hannu. Da ta zo hutu tana ba mu labari, rabi da Larabci rabi da gurguwar Hausarta, na ce mata mabruk, na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da aka riga aka wanke.

Wata rana cikin sanyi aka ce jami'arsu za ta kara da wata a Ɗa'ifa, kuma an yarda 'yan uwa mata su shiga kallo. Kaka ta ce ko da rarrafe sai ta je. Umma na da ciwon ƙafa, Inna na aiki, saboda haka ni aka ɗora wa rakiya. Mijin Inna ya kwashe mu a mota bayan azahar. Mun bar Makka ana zufa, ni da silifas da abaya mara nauyi, don mu mutanen Makka kullum mantawa muke yi cewa Ɗa'ifa wata duniya ce. Tun muna hawan dutsen nan mai lanƙwasa gajimare ya sauko ya rufe hanya, har mijin Inna ya kunna fitila da rana tsaka.

A filin, iska ce ke shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. Ana yayyafi, can kuma ƙanƙara ta zubo ƙanana kamar gero, tana tsalle a kan kujeru. 'Yan wasan sun fito da dogayen wanduna, bakinsu na fitar da tururi, ɗaya gefen filin ma da ƙyar ake hango shi. Muna zama Kaka ta buɗe jakarta ta zaro jar safar nan. Yatsuna sun riga sun ƙage, na ce yau dai Allah ya kawo ranata. Ashe ba ni ba ce. Ɗaga ta ta yi sama tana kiran 'yar Inna ta zo ta karɓa. Ita kuwa daga bakin raga ta ɗago hannuwanta biyu, ta nuna manyan safar gola masu kauri da aka ba ta, ta yi dariya ta kira Kaka da Larabci ta ce, "Sitti, ina da su." Kaka ta ajiye safar a cinyarta. Ni kuma na cusa hannuna a hammata, na rantse a raina ba zan roƙa ba.

Wasan bai yi kyau ba. Ƙwallo ta jiƙe ta yi nauyi, 'yan mata na ta zamewa, har aka kusa tashi babu wanda ya ci. Ina zaune ina ƙirga kurakuransu, wannan ba ta iya tsayar da ƙwallo ba, waccan da tsinin takalmi take bugu. Saura kaɗan a tashi sai wata ta faɗi a gaban ragar 'yar Inna, alƙaliya ta busa fenariti.

Zan faɗi gaskiya tunda Kaka ba ta nan balle ta harare ni. Na so ta shiga. Yarinyar da muka ci a kwano ɗaya tana tsaye cikin ƙanƙara tana buga hannuwa, ni kuma ina fatan ta faɗi gefen da ba shi ba, ta juya ta ɗauko ƙwallo daga bayanta, ta ji yadda ake ji. Mai bugun ta ja da baya, ta taho, ta buga gefen hagu ƙasa-ƙasa. 'Yar Inna ta miƙe jikinta cikin taɓo ta tare da hannu ɗaya. Matan da ke kusa da mu suka ɓarke da guɗa.

Kaka ba ta yi guɗa ba. Ƙasa take kallo, inda silifas ɗina na dama ya tashi ya faɗa layin kujerun gabanmu. Ashe lokacin da yarinyar can ta buga, ƙafata ta buga tare da ita ban sani ba.

"Mai ƙafar jaki," in ji Kaka a hankali, "da ke ce, da ta shiga."

Ta kamo hannuna ta zura mini safar, ɗaya bayan ɗaya, ta ce shekara goma ta yi tana kallona ina koya wa yarinyar nan tsayuwa, ba makauniya ba ce ita. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun a rufin gida. Ta ce ai mai kuka ake rarrashi, ni kuwa ban taɓa yi ba. Na sauka na ɗauko silifas ɗina, kamar kullum. A mota da muka gangaro, zafin Makka ya fara dawowa, na cire safar na mayar mata, na ce ai ba tawa ba ce. Har yau ban san wa na ɓata wa ba.

Yanzu an rushe gefenmu na Nakkasa, rufin nan da ruftarsa da matattakalar da na haddace duk sun zama fili. Mun koma haya a unguwar Mansur, Kaka ta rasu shekara biyu bayan tafiyar nan. 'Yar Inna ta gama jami'a, tana koya wa ƙananan yara mata ƙwallo a Jidda, a fili mai ciyawa da raga ta gaske, inda wadda ta ci ake ɗagawa sama. Takan turo mini hotunansu, in tura mata masha Allah, kuma har yanzu sai na ji haushin nan ya taso. Ba zan ce ya wuce ba.

Na zura safar a hannun dama, nan da nan tafina ya jiƙe da gumi. Babban yatsana ya leƙo ta inda ulun ya fashe. Na tuna ranar, na tuna bugun. Safar ta 'yar Inna ce, ban musa ba, amma wannan hujin ni na yi shi.